Kunnen Ragon Gwaggo Hajo

Ku samarin da kuka sayo inji bana, na ji abin da kuke faɗa a bakin tasha. Wai wanki da inji ba sana'a ba ce. Ka ja igiya, ka matsa bindigar feshi, ruwa ya yi sauran. To. Taubashina Ilu ma haka ya ce, shi da furfura a gemu. Saura kaɗan ya hana uwarsa yin layya da ragon da ta yi shekara tana turka. Zan zo kansa. Amma sai kun san injin tukuna, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya yi ba.

Da bokiti na fara, nan Konni, inda manyan motoci ke tsayawa kafin su ƙetare iyaka. Maigidana Mamman Dogo, Allah ya jiƙansa, mutum ne marar yawan magana. Ya ba ni soso da tsumma, ya nuna mini taya. Na daɗe ina wanke taya. Ranar da ya sayo inji daga Sakkwato, tsohon hannu, mai shan fetur, duk unguwa ta zo kallo. Na ɗauka washegari za a ba ni bindiga. Ba a ba ni ba. Aikina cika tano, wato duro, da ruwa, da tace shi da ƙyalle kada yashi ya shiga famfon injin, da naɗe tiyo in an tashi. Damina ta zo ta wuce ina wannan.

Ranar da ya yarda ya ba ni, ya ajiye guntun katako a ƙasa. Ya sa wa bindigar jan baki, wanda ruwansa ke fita siriri kamar tsinke. Ya matsa. Katakon ya tsage, zarensa ya tashi. Ya ɗauka ya miƙo mini.

“Taɓa.”

Na taɓa.

“Shi ya fi tauri ko ƙafarka?”

“Shi, Maigida.”

“To je ka nemo takalmin roba.”

Karatun ke nan. Sauran da ido na koya.

Bakin bindiga iri-iri ne. Jan nan siriri na ƙarfe ne, da busasshiyar laka a ƙarƙashin babbar mota. Akwai mai faɗi, ruwansa ya buɗe kamar mafici, da shi ake aikin gida. Akwai na sabulu, ba shi da ƙarfi. Jan ba ya aiki a gidan mutane. Ina naɗe shi a tsumma in jefa can ƙasan jaka. Daga nesa ake farawa, sannan a matso. Hannu biyu ake riƙewa, don in ka matsa kunama bindigar tana ja da baya. Ba a tayar da inji tano babu ruwa, famfo zai ƙone. In ka kashe, kada ka ce ka gama. Ƙarfin yana nan cikin tiyo. Ka juya baki ƙasa, ka matsa har ya huce, sannan ka ajiye.

Wani mai kabu-kabu ya taɓa kawo mana moto, wato babur, bayan ruwan sama. Laka har ƙauri. Da aka gama moton, ya fizge bindigar yana dariya, wai bari ya wanke ƙafarsa shi ma. Silifa ce a ƙafar. Kafin Maigida ya buɗe baki ya matsa. Wani ɗan huji ne ya fito, kamar sukar ƙaya, jinin ma kaɗan. Maigida ya ce masa ya wuce gidan likita yanzu. Ya ce ai ba komai, ya hau moto ya tafi neman fasinja. Washegari ƙafar ta kumbura ba ta shiga takalmi. Ruwan ya shiga cikin nama da duk ƙazantar da ke bisa fata. A likita sai da aka tsaga ƙafar aka wanke. Yana nan da ransa, kuna ganinsa yana ɗingishi wajen kasuwa. Raunin inji a waje ƙarami ne. Ɓarnar tana ciki.

Da na samu nawa injin, na bar motoci na koma gidaje. In ɗora shi a amalanke, ko a bayan motar kasuwa in wurin da nisa. Tsakar gida mai siminti, darduma, tankin ruwa, makewayi, moton maigida. Aikin gida ya fi na tasha wuya. A tasha ƙarfe ne kawai. A gida akwai yara, akwai kaji, akwai wayar wuta.

Wata Hajiya a Malbaza ta kira ni wankin baranda. Na shiga na ga soket a bango, ƙasa-ƙasa, kusa da inda zan fesa. Na ce a kashe wutar gidan duka.

“Malam Tanko, firji hwa? Ƙanƙarata ta sayarwa tana ciki.”

“A kashe, Hajiya.”

“Ba ka iya kauce ma wurin?”

“Ni ina iyawa. Ruwa ba shi iyawa.”

Ta kashe tana gunguni. Na rufe soket da leda, na sa aka kwashe jikokinta aka kai maƙwabta, sannan na tayar da inji. Tun ranar ba ta kiran kowa sai ni, kuma har yanzu da gunguni take kashewa.

Injin fetur ba ya shiga ɗaki. A waje yake zama, tiyo ya shiga. Hayaƙinsa yana kwantar da mutum ba tare da ya sani ba. Ba na hawa tsani da bindiga, in ta ja da baya ƙasa zan zo. Ba na fesa gilashi kusa. Bango kuwa sai na ƙwanƙwasa. A Dogarawa wani ya ce in wanke masa katanga. Na buga da hannu, na ji ta amsa kamar ƙwarya. Ginin ƙasa ne, siminti yaɓe kawai aka yi masa. Na ce ba na yi, ruwa zai bi tsaga ya jiƙa ƙasar ciki. Ya ce tsoro ne da ni, ya kira wani. Da na sake bi ta wurin, yaɓen ya zube, yana neman magini.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mummuna. Manyan motoci suka tsaya. Wuta ta ɗauke. Wanda ke neman hatsin dare ba ya kiran mai wankin baranda. A tsakiyar haka robar cikin famfona ta cinye, ruwa na fita ta gefe. Kayan gyara daga Sakkwato suke zuwa, hanya kuwa ba ta biyuwa. Na yanka tsohuwar tayar moto na yi wata robar. Ta yi kwanaki ta fashe. Na sake yanka. Daga baya na rufe injin da buhu na koma gona, na yi gero da wake kamar ubana. Waɗansu suka sayar da nasu injin. Ban sayar ba. Da hanya ta buɗe na samu robar kirki, na koma aiki. Shi ke nan labarin shekarar.

A ƙarshen wannan wahalar ne Gwaggo Hajo ta samu ɗan rago. Yayar ubana ce, tana Tajaye, ta tsufa ƙwarai. Duk rayuwarta a ƙarƙashin layyar wani take, ta ubanta, ta mijinta, sannan ta ɗanta Ilu in ya aiko daga ci-rani. Ba ta taɓa yin ta kanta ba. Ta sayar da wakenta ta sayi ɗan ragon, ta ce wannan nata ne, da sunanta za a yanka. Ta turke shi a ƙofar ɗakinta. Dusa, harawa, ƙasarin gero, har da kanwa. In ta dama fura sai ta rage masa. Ya zama ƙato, fari, da baƙi kewaye da ido.

Saura kwana kaɗan Babbar Sallah, Ilu ya dawo daga Ikko ya aiko in zo da inji. Ya zuba siminti a tsakar gida, ya sayo moto da darduma, yana son a wanke kafin baƙi. Na hau motar kasuwar Illela, daga can amalanken jaki ya ƙarasa da ni.

Ilu ɗan mace ne, ni ɗan namiji. Tun muna yara ba ma gaisawa da daɗi.

“A'a, ga mai wankin taya ya iso,” in ji shi.

“Bawa, zo ka sauke kayan ubangidanka.”

“Ubangida bisa jaki? Allah shi kyauta.”

Ya sauke. Na gaida Gwaggo. Ba ta tambaye ni iyali ba sai da ta kai ni wurin ragon.

“Tanko, ka gan shi?”

“Na gan shi, Gwaggo. Ma sha Allah.”

“Nawa na. Ba na kowa ba.”

Na sa aka janye ragon bayan rumbu saboda ƙarar inji, aka fitar da yara. Na wanke tsakar gida, na wanke moton, na shanya darduma a kan danga. Ilu yana tsaye yana kallo, hannu a ƙugu.

A garinsu akwai abin da suke yi. Gab da Sallah kowa ya wanke ragonsa ya ɗaure a ƙofar gida, masu wucewa suna dubawa suna faɗin na wane ya fi. Maƙwabcin Ilu ya riga ya fitar da nasa, fari fat. Abin ya tsaya wa Ilu a rai.

“Tanko, saura ragon Inna.”

“Kawo bokiti da sabulu, in an yi salla mu wanke shi.”

“Wane bokiti? Ga inji. Dubi gindin wutsiya, dubi ƙirji, duk ya daskare. Ka ɗan watsa mishi, shi fito kamar auduga.”

“Ba a sa inji ga abu mai rai.”

“Ruwa ne hwa. A Ikko na ga ana yi.”

“Da tiyon famfon gida ka ga ana yi. Wanga ba shi ba ne.”

“Kai dai rowar fetur gare ka.”

“Na ce a'a.”

Aka kira azahar. Na kashe inji, na huce tiyo, na cire hular buji, wato fulogi, don kada injin ya tashi, na ɗaure jaka. Ilu ya ce in yi gaba, zai yi alwala ya biyo ni. Na tafi.

Muna sallamewa na ji ƙarar injina. Na san muryarsa ko cikin kasuwa. Mai moto ya san hular buji, mayar da ita ba wuya. Na fito ban tsaya addu'a ba. Kafin in kai ƙofar gida na ji kukan ragon, na ji mata suna salati.

Ga abin da na tarar. Ilu ya jawo ragon tsakar gida ya ɗaure a turke. Ya kwance jakata. Ya ga bakin da na naɗe a tsumma, ya ce lallai shi ne mai kyau tun da na ɓoye shi. Ya sa jan. Ya riƙe bindiga da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da igiyar ragon. Ya auna ƙirji, ya matsa, bindigar ta ɗaga. Ruwan ya bi ta kunnen hagu ya wuce ta gefen ido.

Na kashe inji. Na karɓe bindigar, na juya ta ƙasa na huce. Ragon yana ta juyi a turke, jini na bin farin gashi. Kunnen ya tsage daga baki. Idon hagu a rufe, ya fara kumbura.

Gwaggo ta fito da sandarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta durƙusa ta riƙe kan ragon a ƙirjinta har ya natsu.

“Inna,” in ji Ilu, “wallahi gyara nika so in yi.”

Ba ta dube shi ba.

“Inna, gobe kasuwa. In sawo miki wanda ya fi shi.”

“Ragon kasuwa? Ni na ba shi dusa? Ni na tashi da asuba na ba shi ruwa?” Sai ta juyo gare ni. “Tanko, kira mini liman.”

Kun san dai ba kowace dabba ke yin layya ba. Mai ido ɗaya ba ta yi. Mai kunne a tsage da yawa ba ta yi. In ragon ya faɗi a ɗaya cikin biyun nan, nama ne kawai, shekarar Gwaggo ta tafi.

Liman ya zo, dattijo mai sanyin hali. Na riƙe ƙaho, ya shimfiɗa kunnen a tafinsa. Ya ɗauki karan tsintsiya ya auna tsawon kunnen, ya karya shi uku daidai, ya ɗora guntu ɗaya a kan tsagar. Kowa ya sunkuyo. Tsagar ba ta kai ƙarshen guntun ba.

“Bai kai sulusi ba,” ya ce. “Kunne ya tsira.”

Ilu ya ce, “Alhamdu lillahi.”

“Dakata da godiya, Iliya. Saura ido. In ganinsa ya tafi, babu layya.”

“Allah gafarta Malam, yanzu ba a iya sani?”

“Ido a rufe? Sai kumburi ya saɓe. Jajibiri da safe in dawo.”

Muka aika aka kira mai duba dabbobi. Ya wanke kunnen da idon, ya shafa magani, ya ce a ajiye shi inuwa, a kore ƙuda. Na tambaye shi ko ruwan ya shiga ƙarƙashin fata. Ya lalluba, ya ce a'a, goga ya yi ya wuce. Da Ilu ya samu ƙirjin da ya auna, da wata maganar ake yi.

Ban koma Konni ba. Na rufe injin da buhu, na sa bakunan duka a aljihuna. Gwaggo ta mayar da ragon ƙofar ɗakinta. Ta ba Ilu mafici, ta nuna masa ƙasa. Ƙaton mutum, mai mata da ƴaƴa, ya zauna yana yi wa rago fifita. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya gan shi.

“Bawa,” na ce, “ashe sana'ar da ka koyo a Ikko ke nan?”

“Tanko, don Allah bar ni.”

“Fifita da kyau. Ga ƙuda can.”

Jinin da ke jikin ragon ni da Gwaggo muka wanke. Ruwan ɗumi a ƙwarya, sabulu, da tsumma. Ita tana riƙe kai tana yi masa magana, ni ina cuɗa. Daskararren wurin nan na ƙirji, jiƙa shi kawai muka yi muka jira, ya fita da kansa. Ya yi fari, ba laifi.

Jajibiri da safe kumburin ya sauka. Idon ya buɗe, ja, yana hawaye. Buɗewa kuwa ba gani ba ce. Liman ya dawo, maƙwabta suka cika gidan, har da mai farin ragon nan. Ilu ya ɗebo harawa, wai a nuna masa ta gefen hagu a ga ko zai juyo.

“Hanci zai bi,” in ji liman. “Ajiye.”

Ya sa ni na rufe idon dama da tafina. Ya ce kowa ya yi shiru. Ya tsaya ta hagu, ya ɗaga yatsa ɗaya daga nesa, ya kawo shi a hankali don kada iska ta taɓa gashin idon. Yatsan ya yi rabin hanya, ragon bai motsa ba. Gwaggo ta matse sandarta. Ya ƙara matsowa kaɗan. Ragon ya ƙifta, ya fizge kai baya, har ƙahonsa ya buge ni a haƙarƙari.

Liman ya sake yi. Ragon ya sake ƙiftawa.

“Shina gani,” ya ce. “Hajo, ragonki ya yi.”

Mata suka yi guɗa. Gwaggo ta ce, “To, madalla,” ta shiga ɗaki ta fito masa da dusa.

Ba a ɗaure shi a ƙofar gida ba. Ta ce wanda ke son gani ya shigo. Ranar Sallah, da aka sauko Idi liman ya yanka nasa, ya zo ya yanka na Gwaggo, ya ambaci sunanta. Tana tsaye tana ji. Aka feɗe, aka tsire shi a itace, aka jera da sauran ragunan unguwa kewaye da wuta har yamma. Kitse na ɗiga, mutane na cewa ba a ga irinsa ba a unguwar.

Washegari aka yi rabo. Ita ta zauna a tabarma tana faɗin na wane da na wane. Liman, maƙwabta, matan da ba su samu yi ba. Ni ta ba ni cinya guda, ta ce in kai wa iyali. Ilu yana gefe yana jira. Sai ta turo masa ƙaramin akushi a rufe.

Ya buɗe. Kunnen hagu ne, dafaffe, da tsagarsa.

“Inna, mi ne ne wanga?”

“Rabonka. Kai ka fara yanka tun ba a sauko Idi ba.”

Ya dube ni. Na ce ban san komai ba. Ya dubi uwarsa, ya ga ba wasa take yi ba. Ya yi bisimilla ya cinye.